Lissafin da Malam Bai Yi Ba

Duk wanda ya saba zama a bakin kasuwar Talata Mafara ranar Talata da hantsi, ba ya bukatar ɗaga kai kafin ya bambance motocin da ke shigowa da kaya. Kunne kaɗai ya wadatar. Mota mai shan man dizal, wanda direbobi ke kira gas, tafe take tana ƙwanƙwasa kamar ana sussuka a turmi mai zurfi. Ita kuwa mai shan fetur, sai dai mutum ya ji ta kusa da shi tana huci a hankali. Shekara da shekaru 'yan dako sun san isowar wani tsohon malamin firamare daga Bakura da irin waccan ƙara ta farko. Ran nan cikin shekarar 2022 sai ga motarsa ta shigo shiru, har ya kashe ta ya fito babu wanda ya tashi tarbarsa. Mota dai ita ce, fentinta shi ne, lambarta ita ce, amma abin da ke cikinta ya canza.

Shi wannan bawan Allah, wanda kowa ke kira Malam, ya shafe shekara 35 yana koyar da lissafi kafin ya ajiye alli. Da kuɗin sallamarsa ya sayi tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux, mai injin gas irin wanda kanikawa ke kira 2L. Ba don ado ya saye ta ba. Yana da gona a filin noman rani na Bakolori, wato filin da ke shan ruwan madatsar da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wanda ya shimfiɗu a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Motar ce ke kai taki gona, ta kwaso shinkafa da dankali da albasa, nasa da na maƙwabta, zuwa kasuwa. Kuɗin dakon da ake biyansa shi ke cike giɓin da fansho ke bari, da shi ake cefane, da shi kuma ake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa biyu da suka rage gabansa. Saboda haka in motar ta tsaya, ba ƙarfe kaɗai ya tsaya ba.

Malam mutum ne mai littafi. A aljihun gaban mota akwai wani tsohon littafin rubutu da yake shigar da duk litar man da ya sha da duk tafiyar da ya yi. Wannan littafi ne ya fara nuna masa cewa ƙasa ta fara zamewa ƙarƙashin ƙafarsa. A farkon 2022 litar gas tana wajen naira 300. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu, farashin mai ya tashi a kasuwannin duniya, kuma da yake gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashin gas, tashin ya iso Mafara kai tsaye. Kafin tsakiyar shekara lita ta kai wajen naira 800. Shi kuwa fetur, da yake gwamnati na biyan tallafi a kansa, farashinsa na hukuma bai wuce naira 165 zuwa 185 ba. Gaskiya ne a kan yi ƙarancinsa, a kan kwana a layi, wani lokaci kuma sai an koma wurin 'yan bumburutu an ƙara kuɗi, amma duk da haka tazarar da ke tsakanin man biyu ba ƙarama ba ce.

Wani dare bayan sallar isha'i Malam ya zauna da fitila da littafinsa. Motarsa, in tana ɗauke da kaya, tana shan kimanin lita 10 ta gas a tafiyar kilomita 100, wato naira 8,000. Ya san injin fetur ya fi shan mai, don haka bai cuci kansa ba, ya ƙaddara masa lita 13. Ya ninka 13 da 185, ya sami naira 2,405. Ya sake ninkawa, amsa ba ta canza ba. Ya ja layi biyu a ƙarƙashinta kamar yadda ya saba koya wa yara. Tun daren nan ya yanke shawarar cire injin gas ya sa na fetur.

Washegari ya tafi Mafara wurin bakanikensa. Shi bakaniken tsohon ɗalibinsa ne, ya zauna ajinsa a firamare, kuma har gobe ba ya yi masa magana a tsaye. Da ya ji abin da ke tafe da Malam, sai ya goge hannu da tsumma, ya russuna ya ce, "Allah shi gafarta Malam, aikin yana yiwuwa, kuma an sha kawo mana irinsa bana. Amma akwai abin da lissafin takarda ba ya nunawa. In an ba ni izini in faɗa."

Malam ya ce, "Faɗi mana, ɗana. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Abin da bakaniken ya bayyana masa a wannan rana ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan al'amarin. Injin fetur da injin gas sun yi kama a ido, amma hanyar da kowanne ke kama wuta daban ce. Na fetur, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita tsarinsa a 1876, yana gauraya iska da mai a cikin kafireta, fistan ya matse gaurayen zuwa kamar kashi ɗaya cikin tara na girmansa, sannan fulogi ya ƙyasta masa wuta. Na gas kuwa, wanda wani Bajamushen, Rudolf Diesel, ya tabbatar da aikinsa a 1897, ba shi da fulogin ƙyastu ko ɗaya. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta zuwa kamar kashi ɗaya cikin ashirin da biyu, har ta yi zafin da da zarar nozul ya fesa mata mai sai ya kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani shi ke haifar da ƙwanƙwasar da ake ji, shi ya sa ake gina injin da ƙarfe mai kauri, shi ne kuma sirrin rashin shan mansa. Bugu da ƙari, litar gas ta fi litar fetur ƙunsar ƙarfi. Sakamakon haka injin gas yana ba da ƙarfin jansa tun yana juyawa a hankali, shi kuwa na fetur sai an taka shi ya ɗauki zafi kafin ya nuna abin da yake iyawa. A taƙaice, ɗaya sa ne na huɗa, ɗayan doki ne na sukuwa.

Bakaniken ya ƙare da cewa, "Hanyar Malam ba kwalta ba ce. Gefen kwanal ne, da laka, da yashi, da buhu bisa buhu. Wanga inji don irin wannan aka yi shi. In dai an ce a canza, zan canza. Roƙona guda ne: kada a sayar da tsohon. A zuba mai baƙin mai, a rufe shi da leda, a ajiye shi a zaure."

Malam ya yi murmushi ya ce, "To, da me zan sayi sabon? Kana tsammanin malamin makaranta yana da inji biyu a aljihu?" Daga nan magana ta ƙare, domin yaro mai ladabi ba ya maimaita wa malaminsa zance sau biyu.

Mako guda bayan haka bakaniken ya bi ta Gusau da Funtuwa ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake jibge injunan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Ya zaɓo injin fetur na Toyota mai suna 22R. Shi da 2L duk girmansu wajen lita 2.4 ne, sai dai kamar da wane ba ta wane. Ya sayo shi haɗe da giyarsa, saboda ƙoƙon da ke haɗa inji da giya a na gas bai dace da na fetur ba. Ya kuma tabbatar an rubuta masa rasit mai ɗauke da lambar injin.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan aiki ba zai zaci ciro wannan ne a zura wancan, kamar canza batir a tocila. Ba haka abin yake ba. Sai da aka kira mai walda ya yanke mazaunin inji ya sake ɗora shi inda ya dace. Aka daidaita tsawon farfela da sabuwar giya, aka sake lanƙwasa bututun salansa, aka nemo robobin lagireto masu shiga. Aka sauke tanki aka wanke shi tas, aka busa bututun mai, aka canza matata, domin ragowar gas in ya gauraya da fetur sai ya shaƙe fulogi. Sannan mai gyaran waya ya zo ya cire wayoyin hita, waɗanda ke ɗumama injin gas kafin a tayar da shi da asubahin hunturu, ya ja sababbi zuwa kwayil da dilko, wato na'urorin da ke samar da wuta su rarraba ta ga fulogai. Hatta birki sai da aka taɓa. A injin gas, wani ɗan famfo da ke bayan altaneta ne ke zuƙe iskar tulun da ke sauƙaƙa taka birki, a na fetur kuwa injin da kansa ke zuƙe ta, don haka sai an sauya wa bututun hanya. Wanda ya manta da wannan ɗan bututu, zai tuna da shi a gangara. Daga ƙarshe Malam ya ɗauki rasit da takardun mota ya je aka gyara lambar inji a kansu, don kada wata rana a shingen bincike a tambaye shi inda ya samo injin da takarda ba ta sani ba.

Tsohon injin kuwa, wani mai a-kori-kura daga Maradun wanda nasa ya buga shi ya saye shi. Da kuɗin aka biya mafi yawan aikin. Ranar da aka ɗora shi a bayan wata mota aka tafi da shi, bakaniken bai ce uffan ba, sai dai ya daɗe yana bin sa da kallo.

Adalci ne a faɗi cewa lissafin Malam bai yi ƙarya ba a farko. Kusan shekara guda ya yi yana cin moriyarsa. A lokacin da wasu masu motocin gas suka jingine nasu, wasu kuma suka ninka kuɗin dako har manoma suka koma wa amalanke, shi yana kan hanya kullum. Ya biya bashin taki, ya biya kuɗin makaranta a kan kari, har ya gyara rufin ɗakin uwargida kafin damina. Ya lura dai motar ba ta ja kamar da. Tudun da take hawa da giya ta biyu yanzu sai da ta ɗaya, kuma kulocin yana wari in ta nutse cikin yashi. Amma duk lokacin da ya buɗe littafinsa ya ga ragowar kuɗi, sai ya ce wannan ƙaramin abu ne.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, yana zaune a ƙofar gida da rediyo a gefensa, ya ji sabon shugaban ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin fetur ya ƙare. Cikin kwana biyu lita ta haura naira 500, a watan Yuli kuma ta kai 617. Gas a lokacin yana nan wajen naira 800. Malam ya ɗauko littafinsa ya ninka 13 da 617, ya sami naira 8,021. Ya dubi layin sama inda ya rubuta 8,000 na gas a bara. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu. Ribar da ya yanke mazaunin inji dominta, ya sayar da abin da ba ya da irinsa dominta, jimla guda ta share ta. Sai a lokacin ya gane cewa 185 ɗin nan da ya gina lissafinsa a kai ba farashin fetur ba ne. Ragowar kuɗin wani ne ke biya, domin a 2022 kaɗai tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4 daga asusun ƙasa. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ba a nan darasin ya tsaya ba. Cikin daminar wannan shekara, wata ranar la'asar, ya ɗauko taki zai kai wa wasu manoma ta wajen Maradun, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A kan hanyar dawowa ya iske wani kwari ya cika. Ya sha ratsa wurin da tsohon injinsa ba tare da ya ko sassauta ba, don haka ya kutsa. Yana tsakiya ruwa ya fantsamo cikin inji, mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya murɗa makulli, ta juya ba ta tashi ba. Rana ta yi ja, gari na da nisa, kuma duk mutumin wannan yanki ya san abin da ake nufi da magariba ta riski mutum a daji a shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka. Yaron motarsa, ɗan ƙanensa ne, ya yi tsuru-tsuru yana waige-waige. Malam ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, ba don kansa kaɗai ba, sai don tunanin abin da zai gaya wa uwar yaron.

Allah ya sa wayarsa na da layi, ya kira bakaniken. Daga can aka ce, "Malam ya kwantar da hankali. Dilko ne ya sha ruwa. A ɓalle ƙugiyoyin murfinsa ko a kwance, a cire shi, kada a zare wayoyin. A sami busasshen ƙyalle a goge cikinsa sarai, a goge kan kwayil da bakin fulogai." Babu busasshen abu a motar sai rawanin da ke kan kujera. Da shi tsohon malami ya goge murfin dilko, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana bin umurnin yaron da ya koya wa ɗaya da ɗaya biyu. Ya mayar da murfi, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ta yi gardama, sannan ta kama. Ana kiran sallar isha'i suka shiga Mafara. Injin gas ba shi da dilko balle ya jiƙe, kuma wannan ma yana cikin abin da aka gaya masa tun farko, sai dai ba shi da gurbi a littafin lissafi.

Bayan 'yan makonni, ranar wata Talata, Malam ya ji wata ƙwanƙwasa da ya sani daga bayan rumfunan 'yan hatsi. Mutumin Maradun ne ya shigo da lodi har sama. Suka gaisa, Malam ya kewaya ya kewaya, sannan ya tambaye shi ko zai sayar masa da injin. Mutumin ya ce, "Wallahi Malam, ko na so ba ni iyawa, don in na sayar ban san da me zan maye shi ba." Gaskiya ya faɗa. A watan Yunin 2023 an saki darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700, kafin Fabrairun 2024 kuma ta haura 1,500. Duk injin da ke Ƙofar Ruwa da dala aka shigo da shi. Ƙofar da Malam ya fita ta cikinta da sauƙi ta rufe a bayansa.

Daga baya farashi ya ci gaba da wasan 'yar ɓuya. A farkon 2024 gas ya kai wajen naira 1,500 alhali fetur bai kai 700 ba a gidajen man gwamnati, sai ga lissafin Malam ya sake yin daidai. A watan Oktoba na shekarar fetur ya haura naira 1,000, tazarar ta sake tsukewa. A nan ne ya daina tambayar kansa ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, domin ya ga amsar tana canzawa da kowace sanarwa. Abin da bai canza ba tun ranar farko shi ne nauyin buhu, da lakar gefen kwanal, da halin kowane inji.

Wani abin lura shi ne, gonar da Malam ke nomawa ita kanta ta taɓa koyar da wannan darasi. An tsara aikin Bakolori ne ya shayar da kimanin hekta 23,000. Daga ciki wajen 8,000 ruwa ke gangaro musu da kansa ta kwanal, sauran 15,000 kuwa an yi musu tsarin feshi, wanda sai manyan famfuna sun turo ruwa da ƙarfin lantarki ko gas. An zana wannan tsari ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika asusun ƙasa, aka ɗauka wuta da kayan gyara za su dawwama da araha. Da zamani ya juya, ɓangaren feshi ne ya fara durƙushewa, na gangara kuwa ya ci gaba da ciyar da mutane, har ta kai aikin gyaran da aka yi daga baya da rancen Bankin Duniya ya haɗa da mayar da wani sashe na feshin zuwa gangara. Tudu da gangare ba sa jiran kasafin kuɗi.

Malam bai koma wa injin gas ba, ba shi kuma da halin komawa. Abin da ya yi shi ne ya daidaita aikinsa da abin da ke hannunsa. Ya rage lodi, ya bar dogayen hanyoyin laka ga masu motocin gas, ya fi karɓar dakon kan kwalta tsakanin Bakura da Mafara da Gusau, inda injin fetur ya fi sakewa. Ya ɗinka wa dilko riga da tsohuwar roba, kuma ba ya fita sai da busasshen tsumma da fulogai na ajiya. Gidansa bai rasa tuwo ba, yaran kuma ba su bar makaranta ba.

In matasan malamai suka zauna da shi a ƙofar gida hira ta biyo ta kan motar, ba ya zargin bakanike, ba ya zargin wanda ya sayi injin. Yakan ce ya shekara 35 yana duba wa yara ninkawa da rabawa, amma bai taɓa tambayarsu daga ina lambar da ke cikin tambayar ta fito ba, ko wa ke da ikon canza ta. Ninkawarsa ta daren nan babu kuskure a cikinta. Kuskuren shi ne ya ɗauki lambar da mutum guda ke iya gogewa da baki, ya yanke a kanta hukuncin da walda ta riga ta kama. Da ya ji shawarar ɗalibinsa ya ci bashi ya ajiye tsohon injin a zaure, da ya ci ribar shekarar arha, ya kuma bar wa kansa hanyar komowa. Littafin dai yana nan a aljihun gaban mota. Sai dai yanzu, a gefen kowane farashi da ya rubuta, yakan sa kwanan wata, kuma ya daina jan layi biyu a ƙarƙashin amsa.